Kartar Mushe Kojo

A Malanbil aka fara cutata, kuma da takarda aka cuce ni.

Shekarar fari ta biyu ce, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Sau uku muna shuka a Gatawa, gero ya fito iya gwiwa ya tsaya ya bushe. Na bar matata Hajo da 'ya'ya biyu a hannun yayana, na bi ta Ƙonni da Doso har na ƙetare gada na shiga ƙasar Dahomi. Ibadan na saba zuwa cin rani, har Yarbanci ya zauna a bakina, amma waɗanda suka dawo daga can sun ce mutanen Arewa sun yi yawa, ana dambe a kan ɗaukar kwando ɗaya. Aka ce a Kwatano akwai tashar jiragen ruwa, aiki ya fi hannuwa yawa.

Ina sauka a tashar Malanbil wani mutum mai farar riga ya tare ni da Hausar Gobir tsantsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, ƙaƙa hanya? Wanga ƙasa ba a tahiya cikinta sai da takardar wucewa." Na ji daɗin jin harshen gida har na ba shi bargon saƙi da na fito da shi, ya ba ni wata takarda mai hatimi. A shingen farko da aka tsayar da motarmu na miƙa ta da ƙarfin gwiwa. Mai kakin ya karanta, ya kira abokinsa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani Bazabarme da ke kusa da ni ya raɗa mini cewa takardar shaidar allurar jakuna ce. Sai da na yi musu kukan jaki sau biyu a gaban mata da yara kafin su bar ni in koma mota.

A Faraku na kwana uku a bakin tashar jirgin ƙasa ba ni da abin shiga. Wata tsohuwa mai suyar doya, ba ta jin yarena ba na jin nata, ita ta riƙa tara mini gutsattsarin da ya ƙone a kasko. Rana ta uku ta kamo hannuna ta kai ni wurin wani mai lodin albasa, ta yi masa faɗa da yarensu har ya nuna mini saman buhuna. A kan albasa na shiga Kwatano. Ban san sunanta ba, har yau ina sa ta a addu'a.

Kwatano gari ne mai gumi da ƙarni. Tashar jiragen da aka yi ta yabo, in ba ka da wanda ya san ka ko ƙofa ba ka kaiwa. Na koma dako a babbar kasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan sama. Sai in tsaya a bakin teku ina kallon ruwa yana zuba a cikin ruwa, ba shuka ba dabba, in tuna rijiyarmu da ake saukar da guga ya fito da laka.

Masaukina zauren wani Alhaji Tanko ne a Zango, inda baƙin Arewa ke kwana. Mutum ne mai sakin fuska. Duk baƙon da ya sauka sai ya zaunar da shi ya tambaye shi garinsu, da iyalinsa, da abin da ya baro. Ni ma na zazzage masa cikina. Da ya ga tunanin gida ya fara ramar da ni sai ya ce, "Nomau, akwai wani Mushe Kojo a bayan layin masu gawayi. Ba ƙasa yake bugawa ba, ba wuri yake zubawa ba. Takardun Misira gare shi. Ka je ka ji halin da iyalinka ke ciki."

Mushe haka mutanen Faransa ke kiran namiji don girmamawa. Ni dai da na ji sunan, abin da ya zo mini shi ne abin da ungulu ke ci. Na san malamai sun hana zuwa wurin mai duba. Na tafi.

Ɗakin ƙarami ne, an rufe taga da jan ƙyalle, warin turare ya gauraya da na giyar kwakwa. Mushe Kojo siriri ne mai furfura, ya bula hoda a wuya, yana sanye da singileti. Ya fito da karta daga wani akwatin gwangwani. Ba irin ta 'yan caca ba ce, kowace da hotonta: gida, jirgin ruwa, maciji, zobe, makulli, wasiƙa, akwatin gawa. Sun yi baƙi da maiƙo, don sai ya lashi babban yatsansa yake zaro kowace. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, da ya gane ina jin Yarbanci sai fuskarsa ta washe.

Ya jera su a kan tebur ya ce, "Ka baro mace ɗaya da yara biyu. Ƙaramin bai fara tafiya ba. Akwai ɗan'uwanka da ke riƙe da su, ƙafarsa ɗaya ba ta da lafiya."

Yayana gurgu ne tun yana yaro. Ya zaro wata karta mai hoton rana ya ɗaga ta yana murmushi, ya ce alheri ne babba, rana ta haska gidana.

Na ce, "Rana kuma? Ai ita ta kore mu."

Ya tsaya yana kallona. Ya zaro wata mai hoton baƙin hadari ya ce, "Wannan fa? A wurinmu damuwa ce."

Na ce, "A wurinmu wanda ya ga wannan sai ya yi sujada."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce tafintansa ya gudu, kuma ga mutanen Arewa suna ta kwararowa, in zan zauna da shi zan ci sau uku a rana. Wuyana ya riga ya kumbura da dako. Na ce to.

Ran da na fara aiki na ga Alhaji Tanko ya shigo ta ƙofar baya. Ya zauna ya shiga jero wa Mushe Kojo labarin baƙin da suka sauka, wane daga Isa, matarsa na da ciki, wane daga Madawa, raƙumansa sun mutu. Da ya gan ni ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Ka samu wuri ke nan. Allah ya sa albarka." Abincin ranar bai yi mini daɗi ba, amma na ci.

In ya sha ya yi nishaɗi, Mushe Kojo yakan ba ni tarihin kartarsa. Kuku ne a jirgin ruwa shekaru da yawa. A wani garin bakin teku a Faransa ya zauna gidan wata tsohuwa mai duba, yana yi mata girki, yana kallon hannunta. Ya ce asalin karta abin wasa ce, fatake suka kai ta ƙasar Turawa daga gabas, aka daɗe ana caca da ita kafin wasu su ga cewa mai damuwa ya fi ɗan caca saurin buɗe aljihu. Irin tasa mai hotuna talatin da shida, ya ce, da farko wasan cikin gida ce da iyaye ke yi da 'ya'yansu. Daga baya masu buga littattafai suka haɗa ta da ɗan littafi mai faɗin ma'anar kowane hoto, suka ce sirrin wata shahararriyar mai duba ce da ta riga ta mutu, ba ta da bakin musu.

Na ce, "To Misira fa?"

Ya ce, "Turawa ma haka aka gaya musu, don su ma suna son abin da ya zo daga nesa. Tawa a kanti na saya, kusa da inda ake ajiye sabulu."

Ni na gyara masa sana'ar, wannan ba zan ɓoye ba. Na ce ya daina nuna wa Musulmi karta mai gicciye. Na ce kare a littafinsa amini ne, amma in ya ce wa Bagobiri kare ya fito masa, sai an raba su. Akwai mai hoton shamuwa, wadda littafin ya ce sauyin wuri ce. Na ce duk wanda ya fito daga ƙasar fari, ya nuna masa ita ya ce damina ta kusa. Na ga dattawa masu gemu suna hawaye a kan wannan tsuntsuwar takarda. Suna fita sai ya kwaikwayi kukansu yana dariya, ni kuma in share teburin.

Wata Jumma'a bayan an sauko daga masallaci na ji an ce, "Ɗan Labbo! Kai na?"

Baffa Sambo ne, Bafulatanin da rugarsu ke kusa da Gangara, aminin mahaifina. A wurinsu na tsinci ɗan Fulatancin da nake ji. Na san shi da garke mai tare hanya, yanzu ga shi ya zama ƙashi da fata, da sanda da buta. Muka zauna a inuwa ya ba ni labari. Shanu sun yi ta faɗuwa tun daga gida. Waɗanda suka rage suka koro su kudu shi da ɗansa Yero. A hanya zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ce wa Yero ya wuce da shanun Kwatano ya sayar kafin su ƙare, ya bar masa karsana ɗaya. Da ya warke ya biyo sawu da karsanar. Ba Yero, ba labarinsa.

Ya ce, "Alhaji Tanko ya ce akwai mai takardun Misira, kuma kai ka yi mai tafinta. Na ce to alhamdu lillahi, ɗan Labbo ba ya yi min ƙarya."

Na so in ce masa kada ya zo. Sai na ce a raina bari in nemo masa labarin gaskiya, in ya so karta ta faɗa masa. Na yi kwana biyu ina zagaya kara, inda ake cinikin shanu. A ƙarshe wani dillali ya ja ni gefe. Ya ce Yero ɗan Sambo na Gangara ya iso garin Bohikon a hanyarsa ta zuwa Kwatano, amai da gudawa suka kama shi, kwana biyu ya cika. Mutanen Zangon garin suka yi masa sutura. Da na tambayi shanun sai ya kau da kai ya ce, "Kada ka ce a bakina ka ji." Na gane inda wasunsu suka shiga.

Na kai wa Mushe Kojo labarin. Na roƙe shi ya fito da karta mai hoton akwatin gawa, ya gaya wa tsohon a hankali, ya tafi ya yi wa ɗansa addu'a.

Ya ce, "Wanda ya san amsa ba ya dawowa. Me ya rage masa?"

Na shiga share teburin.

Ya ce, "Alhaji ya ce akwai saniya."

Da Baffa Sambo ya zo, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Ina kallo Mushe Kojo ya zare akwatin gawa ya tura ƙarƙashin cinyarsa tun kafin ya fara. Ya lashi yatsa ya ajiye jirgin ruwa, ya ajiye wasiƙa, ya ajiye kifi. Ya ce da Yarbanci yaron yana raye, ya shiga jirgi ya tafi wata ƙasa neman arziki, wasiƙarsa tana hanya. Ya dube ni. Tsohon ma ya dube ni.

Na ce, "Baffa, ya ce Yero shina raye. Jirgin ruwa ya shiga."

Tsohon ya ɗaga hannuwa sama. Ya ce, "Yero da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba! Kai, yaro da ƙarfin hali." Yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Mako bakwai aka yi ana wannan. Kullum da safe sai ya tafi bakin tashar jirage ya tsaya a jikin wayar shinge yana duban masu saukowa, masu gadi suna korarsa kamar akuya. Kowace Jumma'a ya zo a buɗe masa karta. Yau a ce tsuntsaye sun fito, ana maganarsa a can. Gobe a ce maciji ya fito, wani maƙiyi ya tare wasiƙar. Ya sayar da rigarsa ta Idi, ya sayar da tabarmarsa. Duk zuwan da zai yi kuma sai ya riƙo mini fura a ƙwarya, wadda yake samu wurin wasu Fulani a bayan gari. Ya ce, "Sha, ɗan Labbo, ka rame. Abincin mutanen ga ba ya riƙe Bagobiri." Ina sha yana kallona da jin daɗi. In ya tafi sai in zaga bayan ɗaki in yi ta tofar da yawu, amma ɗacin ba ya fita.

A mako na bakwai Mushe Kojo ya ce makulli ya fito, amma hanya a kulle take, sai an ba da abu mai ƙafa huɗu a buɗe ta. Na fassara. Baffa Sambo ya ce, "Ita ɗai ta rage cikin jinin shanun ubana. Na so in kai ta gida in an yi ruwa. Amma mi za ni yi da saniya in babu Yero? Gobe in sha Allahu za ni kawo ta."

Da hantsi ya iso da ita. Ja ce mai farin goshi, ta rame amma idonta garau. Ya ɗaure ta a jikin turken ƙofa, ya shafa wuyanta yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Na hango mahauci tsaye a bakin layi, Alhaji Tanko na gefensa. Ashe har an gama ciniki.

Muka shiga. Mushe Kojo ya sa sabuwar riga. Ya baje karta ya ce in gaya wa tsohon hanya ta buɗe, kafin wata ya mutu zai ga ɗansa. Tsohon ya juyo gare ni yana jira, bakinsa a ɗan buɗe. Na dubi yatsan nan mai yawu a kan hoton makulli.

Na ce da Fulatanci, don kada Mushe Kojo ya tare ni, "Baffa, Yero maayi." Yero ya rasu.

Bai motsa ba.

Na koma Hausa. Na gaya masa Bohikon, da ciwon, da waɗanda suka yi sutura. Na gaya masa Alhaji Tanko ke kawo labarin baƙi ta ƙofar baya. Na miƙa hannu na fizgo kartar da ke ƙarƙashin cinyar Mushe Kojo na ajiye a gabansa. Mushe Kojo ya miƙe yana zagina da yare uku, ya ce in fita in koma cin ƙasa a garinmu. Baffa Sambo ko kallonsa bai yi ba. Ni yake kallo.

Ya ce, "Yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun kafin ka fara shigowa ɗakin ga."

"Duk Jumma'ar da nike zuwa?"

"I, Baffa."

"Hurar da nike kawo ma, kana sha?"

"Ina sha."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya sa takalmansa ya kwance karsanarsa. Mahaucin ya matso, tsohon ya ɗaga sanda kaɗan, ba wanda ya sake yin taku ɗaya.

Na bi shi. Bai ce in zo ba, bai ce in koma ba. Kwana shida muka yi a ƙasa muna bin gefen titin jirgi zuwa Bohikon, don babu mai ɗaukar mu da saniya. Ni nake nemo mata ciyawa da ruwa. Da ita yake magana, ni ko sunana bai kira ba. In lokacin salla ya yi sai ya matsa nesa ya yi tasa shi kaɗai. Wannan ya fi mini duka ciwo.

Limamin Zangon Bohikon ya tuna da yaron. Ya kai mu bayan gari ya nuna mana wani jeri na kaburbura da ciyawa ta fara rufewa. Ya ce a makon nan baƙi da yawa suka rasu, ba zai iya rantsuwa a kan ko wanne ne ba. Baffa Sambo ya miƙa mini igiyar karsanar. Ya fara daga na farko, ya tsuguna ya yi addu'a, ya tashi ya matsa na gaba. Bai tsallake ko ɗaya ba. Rana ta take, liman ya gaji ya koma, shi yana nan yana bi.

Da ya gama ya karɓi igiyarsa. Sai a lokacin ya yi mini magana.

Ya ce, "Nomau, ni nan za ni zauna wurin Fulanin garin ga, kusa da shi. Kai ka tahi gida. Na yahe ma don Labbo. Abu ɗai nika so. In anka tambaye ka sana'ar da ka yi a Kwatano, ka hwaɗi."

Na ce, "Za ni hwaɗi, Baffa."

Na yi noman ƙodago a hanya har na kai gida, na iske an yi ruwa, Hajo da yaran suna raye. Mutane suka cika zauren yayana ana yi mini barka. Wani ya ce, "Nomau, wace sana'a ka yi can?"

Na ce, "Dako."

Haka na ce a kasuwar Sabon Birni, haka na ce wa Hajo har ta koma ga Allah, haka na ce wa 'ya'yana da jikokina. Baffa Sambo bai dawo Gangara ba, babu mai ƙaryata ni. Yanzu idona ya fara dushewa, na sa an rubuta wannan a karanta wa duk wanda ya taɓa tambayata. Dako na yi wata biyu. Sauran tafinta na yi wa maƙaryaci, kuma na iya aikin.